Janareta Don Sana'ar Ƙanƙara da Kayan Sanyi: Wane Iri, Kuma Mai Girman Nawa?

Wata Hajiya daga Kano ta rubuto cewa tana sana'ar ƙanƙara, yogot, zoɓo da kunun aya. Tana da firiza biyar, injin liƙe leda, ƙaramin injin markaɗe, famfon tura ruwa saman tanki, fankoki uku, ƙwayayen fitila, na'urar POS, da na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya a ɗan ofishinta. Wutar unguwarsu ba ta wuce awa shida zuwa takwas a rana, a bazarar da ta wuce kuma kaya masu yawa sun lalace mata. Wani ya ba ta shawarar ta sayi janaretan man gas mai kVA 20, wani kuma ya ce na fetur mai kVA 3 ma ya ishe ta. Tana so ta san maganar wa za ta ɗauka.

Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri kan asarar da kika yi. A gaskiya duka shawarwarin biyu ba su dace da sana'arki ba, kuma inda suka kauce ɗaya ne: sun fara da inji kafin su auna kayan da injin zai ɗauka. Abin da nake ganin ya dace da ke shi ne janaretan man gas mai sanyaya da ruwa, mai juyi 1,500 a minti, wanda ƙarfinsa na gaskiya yake tsakanin kW 6 zuwa 8 (kW shi ne kilowat, wat 1,000 ke nan), wato abin da 'yan kasuwa ke sayarwa da sunan kVA 7.5 zuwa 10. Amma sharaɗin shi ne sai an raba miki lodi, an tsara abin da zai tashi da lokacin da zai tashi. Idan ba a yi haka ba, ko wannan ɗin ma zai ba ki kunya.

Kowace na'ura tana da ɗan faranti ko takarda a bayanta da ke nuna wat nawa take ci. Ki sa a karanto miki su duka a rubuta a takarda. Tunda ban ga naki ba, zan yi aiki da abin da aka saba samu. Firiza irin ta kwance tana cin kamar wat 200 in tana aiki, biyar ke nan wat 1,000. Injin liƙe leda a ce 500. Fankoki uku 210, fitilun LED guda goma 100, POS da cajin wayoyi 50. Famfon ruwa mai ƙarfin doki ɗaya yana jan kusan 1,000, injin markaɗe ma kusan haka, na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi kuma kamar 1,200. In an haɗa, an ɗan haura wat 5,000.

To amma ba duka ne suke da matsayi ɗaya ba. Akwai waɗanda in sun tsaya dukiyarki ce ke narkewa, su ne firizoji. Akwai waɗanda in sun tsaya aiki ne ke tsayawa, kamar injin liƙi da fitila da POS. Akwai kuma waɗanda za su iya jiran lokacinsu. Famfo ba ya buƙatar aiki duk yini. Minti arba'in ko awa guda ya cika tanki, kuma in tankin babba ne sai a jira a kawo wuta a tura ruwan. Markaɗe ma lokaci gare shi, ba sai ya haɗu da famfo ba. Na'urar sanyaya ofis kuwa, shawarata a cire ta daga layin janareta gaba ɗaya, a bar ta kan wutar KEDCO kawai. Ita kaɗai tana cin abin da ya fi na firizojinki biyar, alhali ba ta kawo ko kwabo. Da wannan tsarin, lodin da ke kan inji kullum ya dawo wat 1,860, in an kunna famfo ko markaɗe ya kai 2,860. Kin ga an kusa raba lissafin biyu tun ba a je kasuwa ba.

A nan ne mai shawarar kVA 3 zai ce ai magana ta fito. Ba ta fito ba, domin duk na'urar da ke da mota a cikinta, irin su kwamfiresar firiza da famfo da injin markaɗe, tana jan wuta ninki uku zuwa shida a daƙiƙar da take tashi. Kamar mai tura kurar ruwa ne: ƙarfin da yake sawa ya tayar da ita daga tsaye ya ninka wanda yake sawa bayan ta fara gangarawa. Firiza mai wat 200 tana iya neman 1,000 a lokacin tashi. In an ɗauke wuta aka tayar da janareta aka mayar da layi gaba ɗaya, firizoji biyar za su nemi tashi tare, wato wat 5,000 a bugu ɗaya. Sai ki ji muryar inji ta shaƙe, fitilu su dushe, kwamfiresoci suna ƙugi ba su tashi ba. Wannan ƙugin shi ke dafa koyil ɗin kwamfiresa a hankali, har wata rana a ce miki ta ƙone, a ɗora laifin kan NEPA ko kan mai gyara.

Maganin wannan ba shi da tsada. Akwai 'yar na'urar kariya ta firji da ake sawa tsakanin soket da firiza, wadda ke jinkirta shigar wuta na 'yan mintuna, kuma take yanke ta in ta yi ƙasa ko ta yi sama fiye da kima. A sa wa kowace firiza tata, a saita lokutansu daban-daban, ko kuma a ba kowace makunninta a riƙa tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Jinkirin yana da wani amfani na biyu: kwamfiresar da ta tsaya tana buƙatar minti uku zuwa biyar kafin matsin iskar cikinta ya daidaita, in aka tilasta mata tashi kafin nan tana wahala ƙwarai. In an bi wannan tsarin, babban bugun da ya rage shi ne tashin famfo, kamar wat 3,000 a kan 1,860 da ke aiki, wato kusan 4,900. Wannan shi ne adadin da dole injinki ya iya shanyewa ba tare da ya durƙusa ba.

Sai kuma abin da aka rubuta a jikin inji da abin da yake bayarwa a zahiri. kVA ba kW ba ne. A yawancin janaretocin man gas ana ninka kVA da 0.8 kafin a samu kW, don haka mai kVA 10 kW 8 ne. Ƙananan na fetur kuma sukan rubuta babbar lamba a gefen tanki, wadda ita ce iyakar abin da injin zai iya na ɗan lokaci, ainihin ƙarfin aikinsa yana can a ƙaramin rubutu, ƙasa da haka. Wanda ake kira kVA 3 sau da yawa kW biyu da rabi ne ko ƙasa. Bayan haka, masana'antu suna auna ƙarfin inji ne a zafin da bai wuce digiri 25 ba, a kusa da bakin teku. Kano tana kan tudun da ya kusa mita 500, kuma a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya shaƙar isasshiya, sai ƙarfinsa ya ragu. Ki cire kusan kashi ɗaya cikin goma saboda wannan. Wanda ke Jos, inda tudun ya kai mita 1,200, zai cire fiye da haka duk da sanyin garin. Abin lura kuma, lokacin da ƙanƙara ta fi kasuwa, bazara da azumin da ya faɗo a zafi, shi ne lokacin da inji ya fi rauni.

Mai kVA 20 kuma matsalarsa daban ce, kuma mutane ba su cika saninta ba, don a tunaninsu babba ba ya ɓaci. Injin man gas yana son kaya. In ya daɗe yana aiki a ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa, cikin silinda ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone mai duka. Ragowar man da baƙin toka su taru a nozul da zoben fistin da salansa, har ki ga baƙin ruwa mai danƙo yana ɗiga daga bakin salansar, inji ya fara hayaƙi da shan baƙin mai. Lodinki na wat 1,860 a kan injin kW 16 bai kai kashi 12 cikin 100 ba. Za ki biya kuɗin babban inji, ki riƙa zuba masa man da yake ƙonewa don juya kansa kawai, sannan ki kashe shi da wuri. Ƙari a kan haka, masu wannan girman galibi masu layi uku ne, kayanki kuwa duk na layi ɗaya ne. In mai wayarin bai raba su daidai a kan layukan uku ba, ɗaya zai yi nauyi sauran su zauna haka nan, wutar ta riƙa rawa.

Akwai wani rubutu a farantin manyan injuna da nake so ki nema da kanki: Prime ko Standby. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta janaretoci, ISO 8528, ta bambanta su. Ƙarfin Standby an yi shi ne don inda wuta ke ɗaukewa jefi-jefi, kuma bai kamata aikinsa ya wuce awa 200 a shekara ba. Prime shi ne wanda aka yarda ya yi aiki ba iyakar awoyi, muddin matsakaicin lodinsa bai wuce kashi 70 cikin 100 ba. Ke da ke samun wuta awa shida zuwa takwas, in injinki yana aikin awa goma kullum, awa 300 ke nan a wata, sama da 3,600 a shekara. Cikin mako uku kin cinye awoyin Standby na shekara guda. A wurinki janareta shi ne babbar hanyar wuta, don haka lambar Prime za ki duba, wadda kullum ta fi ɗayar ƙanƙanta da kamar kashi goma. Mai shago zai fi son faɗa miki babbar.

Yawan awoyin nan ne ya sa na ce man gas. Ƙananan injunan fetur suna juyi 3,000 a minti, iska ce ke sanyaya su, kuma an ƙera su ne don aikin 'yan awoyi a huta. In aka ɗora musu awa goma kullum a zafin Kano, kafin shekara ta zagayo an saba da bakanike. Injin man gas mai juyi 1,500 da lagireto, in ana kula da shi, yana iya haura awa 10,000 kafin a buɗe cikinsa. Ki kula, akwai ƙananan na man gas masu juyi 3,000 da ake sayarwa cikin akwati mai kyan gani, sun fi araha nesa ba kusa ba, amma ba su ne nake nufi ba. Araha ba ta ado. Ki tambayi juyin injin, ki duba faranti.

Yanzu lissafin mai, wanda a ganina ya fi kuɗin sayen injin muhimmanci, musamman tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Ƙaramin janaretan fetur yana ƙone kamar rabin lita ko fiye kafin ya ba da kilowat ɗaya na tsawon awa guda, abin da mitar kati ke kira yunit ɗaya. Na man gas irin girman da na ambata, a rabin lodi, yana cin kamar lita 0.35. A ce matsakaicin lodinki kW 2.5 ne na awa goma, yunit 25 ke nan a rana. A fetur lita 12 da rabi, a man gas kusan lita 9. A wata guda, lita 375 da kuma kamar 265. Ki ɗauki farashin da ake sayarwa a gidan mai yau ki ninka, ki ƙara kuɗin juye da gyara, ki raba da yawan ƙullin ƙanƙara da robobin da kike fitarwa a wata. Abin da ya fito shi ne kuɗin wuta da ke cikin kowane ƙulli, kuma dole ya shiga farashinki. Na ga sana'o'i da dama masu ciniki sosai da suka durƙushe saboda mai su yana ganin kuɗi na shigowa kullum, bai taɓa zama ya ware na mai ba.

Lissafin zai nuna miki wani abu kuma. Ko da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga farashin rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, kafin daga baya a ɗan rage, mutane suka yi ta kuka, wutar gwamnati ta fi ta janareta sauƙi. A ce lita naira 1,000 ce, yunit ɗaya a injin fetur ya tashi naira 500, mai kaɗai. Ke da ba a rukunin A kike ba, taki ta fi wannan sauƙi ma. Don haka duk awar da aka kawo wuta, ko ƙarfe biyun dare ne, a yi amfani da ita: a tura ruwa, a jera sabuwar ƙanƙara, a yi duk aiki mai nauyi.

Maganar dare ita ce inda sana'arki take da wata dama da mai walda ko tela ba su da ita. Firiza ma'ajiyar sanyi ce. Wadda ta cika da kaya daskararru, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi kusan awa 48, mai rabin kaya kuma kamar 24. A zafinmu ki rage wannan sosai, amma duk da haka ya wuce tsawon dare ɗaya nesa. Saboda haka ba dole ne inji ya kwana yana aiki ba. A bar shi ya yi aiki mai ƙarfi da rana da yamma har kaya su daskare, wajen goma ko sha ɗayan dare a kashe, a rufe firizoji ruf. Ki ware firiza ɗaya ta sayarwa wadda ake yawan buɗewa, sauran a bar su a rufe. Duk gurbin da babu kaya a cike shi da robobin ruwa. A duba robar bakin murfi, domin wadda ta saki tana zubar da sanyin da kika sayi mai don samarwa. A janye su daga jikin bango da taku ɗaya, kada rana ta riƙa dukansu, a riƙa share ƙurar bayansu. Yogot da kunun aya su ne masu saurin lalacewa, su nake so ki sa wa ido: ki sayi ɗan ma'aunin sanyi ki ajiye a cikinsu, kada su haura digiri 5.

Don fitila da fanka da POS da dare, ƙaramar inbata da batir sun wadatar, in da hali a haɗa da farantan sola, tunda Allah ya hore mana rana. Batir mai ruwa dai ba ya son zafi, ƙarin digiri goma a kan 25 yana iya raba rayuwarsa biyu, don haka a ajiye shi inda iska ke ratsawa, ko a daure a sayi na lithium. In kuma kina da tsohon janaretan fetur, kada ki sayar. Ki bar shi na ko-ta-kwana, ranar da babban ke hannun bakanike ya riƙe firizoji uku-uku bi da bi. Wasu suna canja masa kafireto ya koma gas ɗin girki. Kilo ɗaya na gas yana daidai da kusan lita 1.4 ta fetur, sai ki kwatanta farashi. In za a yi, a yi da tiyo da kan tukunya masu inganci, tukunyar kuma ta yi nesa da zafin inji.

Haɗa janareta da wayarin shago ba wurin yin dabara ba ne. Dole a sa makunnin canja layi, wanda masu wayarin ke kira canjoba, wanda ke raba shagonki da layin waje gaba ɗaya kafin ya haɗa shi da inji. Abin da wasu ke yi na cusa wayar janareta a soket, su dogara da cewa za su tuna su zare fis, ganganci ne da rayukan mutane. Ranar da aka manta, wutar injin za ta fita ta bi waya zuwa taransifoma, ita kuma ta ɗaga ta zuwa bolt 11,000 a ɗaya ɓangaren, inda wataƙila ma'aikaci yana kan falwaya yana gyara, da tabbacin cewa layin a kashe yake. In kuma aka kawo wuta a wannan halin, injin ne zai ƙone, wani lokaci har da shagon. A sa canjoba mai amfiya 63, bireka mai amfiya 32 zuwa 40 a bakin inji, da wayar tagulla zalla mai kaurin murabba'in milimita 6 zuwa 10 gwargwadon nisa. Kasuwa ta cika da wayar da aka yi wa fentin tagulla a waje, sai a kankare bakinta a gani. A kafa sandar tagulla a ƙasa a ɗaure jikin injin da ita, da rani kuma a riƙa zuba ruwa a ramin, don busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta. Canjoba mai aiki da kansa yana da daɗi, amma tunda kullum akwai mutum a wurinki, na hannu ya isa, kuma ba ya yawan lalacewa.

Abin da ya fi damuna a duk maganar nan shi ne hayaƙi, kuma ina roƙonki kada ki bar wannan a hannun yara. Hayaƙin inji, musamman na fetur, yana ɗauke da wata guba da ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da jiki ke buƙata. Alamunta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, abin da kowa a nan zai ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya sha magani ya kwanta. Mai barci kuwa ba ya jin komai. Ba sau ɗaya ba sau biyu ba an wayi gari a ƙasar nan an tarar da iyali guda sun rasu a ɗaki, dalilin kawai an shigo da inji cikin gida ko baranda don tsoron ɓarayi ko ruwan sama. Inji a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa yana kallon inda ba mutane, ba tagar maƙwabci ba. In tsoron sata ne, a yi masa kejin ƙarfe da rufin kwano a kan dakalin siminti mai ɗan tudu saboda ruwan damina, a bar gefunansa iska na ratsawa. Ɗakin bulo mai ƙofa ɗaya yana shaƙe injin da zafinsa, yana kuma tara guba. Kada maigadi ko yaron shago ya kwana kusa da shi, ko da hunturu ne yana neman ɗumi. Duk wanda ya fara jin ciwon kai ko jiri alhali inji na aiki, a fitar da shi sarari nan take, a kashe injin, a kai shi asibiti a gaya musu hayaƙi ne.

Mai kuma ba a zuba shi inji na aiki ko yana da zafi. A kashe, a jira ya huce. A ajiye jarkoki a inuwa, nesa da inji da wurin dafa zoɓo, a rataye tukunyar kashe gobara mai hoda kusa da ƙofa, domin ruwa ba ya kashe wutar mai, watsa ta yake yi. Ki sayi manki a gidan mai da kika yarda da shi. Man gas ɗin da aka gauraya da kananzir ko ruwa yana cinye famfon injekta, gyaransa kuma yana da tsada. In dole ta sa an saya wurin 'yan bumburutu, a bar shi ya kwana ya kwanta, a tace kafin a zuba.

Juye da awa ake lissafa shi, ba da wata ba. Na man gas a yi masa juyen baƙin mai da canjin matata kowace awa 250, sai in littafinsa ya faɗi wani abu daban. A wurinki kusan kowane mako uku da rabi ke nan. Baƙin mai 15W-40 na injin man gas shi ne aka fi amfani da shi, kuma a saya a rufe daga dila, don jabu ya yi yawa. Ƙaramin na fetur kuma bayan awa 20 na farko, sannan kowace awa 50 zuwa 100. Da hunturu, lokacin da ƙura ke sauka, matatar iska tana toshewa cikin 'yan kwanaki, sai inji ya fara baƙin hayaƙi yana shan mai. A riƙa duba ta kowane mako. Kullum da safe kafin a tayar, a duba baƙin mai da ruwan lagireto da kan batir. A bar shi ya yi minti biyu zuwa uku kafin a ɗora masa kaya, haka kuma a sauke kaya a bar shi ya ɗan huce kafin a kashe. Mutum ɗaya za ki ɗora wa wannan amanar, da littafi guda da zai riƙa rubuta awar da mitar inji ta nuna da litar da aka zuba. Littafin nan shi zai fara gaya miki in inji ya soma rashin lafiya, shi ne kuma zai nuna in mai yana bin wata hanya.

Wajen saye, ki tafi da mai wayarinki ko bakaniken da kika amince da shi, ba wanda mai shago ya kawo ba. Ki zaɓi samfurin da kayan gyaransa ke samuwa a Kano kuma bakanikai suka san shi. Inji mai kyau da za a jira wata biyu kafin a samo masa nozul ba shi da amfani gare ki. In na hannu ne, kada sabon fenti ya ruɗe ki. A tayar da shi da sanyinsa a gabanki, a ɗora masa kaya na gaske na aƙalla awa guda, a ga ko wutar na tsayawa a kusa da bolt 230 da hertz 50, a duba launin hayaƙi da ɗigar mai.

Sai shirin doguwar ɗaukewa, wadda ta bambanta da ta kullum. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Mutanen Maiduguri kuwa sun yi watanni masu yawa ba wuta bayan an rusa turakun layin Damaturu a farkon 2021. A irin wannan lokacin awoyi shida ɗin da kike dogara da su ma babu, layi yana tsawo a gidajen mai, ƙanƙara kuma tana tsada, wanda ya shirya yana samun ciniki sosai. Ki riƙa ajiye man kwana uku zuwa biyar, kina amfani da tsohon kina cike gurbinsa da sabo, domin man gas da ya wuce wata shida a ajiye yana fara tara ruwa da datti. Ki ajiye matatar mai da ta iska da bel da galan ɗin baƙin mai a shago. In ɗaukewar ta haura kwana biyu, ki rage yin yogot da kunun aya zuwa abin da zai ƙare a ranar, ki tattara kaya a firiza uku ki ba ƙanƙara ƙarfi, injin kuma a riƙa ba shi hutun awa ɗaya ko biyu bayan kowace awa takwas zuwa goma don a duba mai da ruwa. Kuma tun yanzu, kafin buƙata ta taso, ki yi magana da wani mai babban ɗakin sanyi a kusa da ke, ku daidaita farashin ajiye kayanki a wurinsa in injinki ya tsaya.